Zakkar Gero a Ƙofar Gidana

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori ina tuƙa tifa, kuma na ɗauki kaina gwanin ɓoye albashi. Duk abokin aikin da ya tambaya sai in marairaice: "Bari kawai, ko cefane ba ya yi."

Malam Isa maigadinmu, wanda na ninka shi albashi, ya gaskata. Da kaka sai ga shi ƙofar gidana a Mafara da dammunan gero bisa jaki, surukina na zaune. Bayan doguwar gaisuwa Malam Isa ya ce, "Ga zakkar gonata, ɗana. Duk cikin ma'aikata babu wanda yak kai ka buƙata."

Surukina ya dube ni, ya dubi sabon kekena.

Har yau, da an yi girbi abokaina sai sun tambaye ni: "Alhaji, naka rabon ya iso?"