Bagobiri a Bencin Baya

"…To ya zaman kaɗaici, ɗan Gobir? Ko tebura ka koma koya wa tarihi?"

Malam Halidu, da yara ke kira Mushe, ya ɗaga kai. Madam Kadi ce, malamar lissafi, Bazabarmar Tondibiya, abokiyar wasansa ta ƙabila, tsaye a bakin ƙofar aji ta riƙe ƙugu. Yara sun watse hutu, shi kaɗai ya rage a bencin baya, da guntun burodi da ruwan leda.

Tun ranar da gardamar siyasa ta ɓarke a ɗakin malamai na wannan lakwal, makarantar unguwar Kirkisoye ta Yamai, yake cin abincinsa a nan. Ba wata doguwar magana ya yi ba. Ana ta labarin wani gangami da kowa ya je, shi kuwa ya ce bai je ba, kuma bai ga laifin wanda ya zauna gida ba. Faruk, amininsa da suka yi shekaru suna ƙetare gada a kan babur ɗaya, shi ya fara miƙewa ya kira shi maci amanar ƙasa. Kafin la'asar an cire shi daga rukunin WhatsApp na malamai. Matarsa da ƴaƴansa suna can Tibiri. In ya koma ɗakin haya, sai rediyo.

"Tebura sun fi Zabarmawa saurin ganewa," in ji shi. "Kuma ba sa cika mini kunne da gaisuwarku ta fofo, fofo."

"Ji bakinsa! Mutumin da kaji suka yi tono a kumatunsa."

"Zanen sarauta ke nan. Kakanki in ya hango irinsa daga nesa, cire takalmi yake."

"Kakana? Shi da ya sayi kakanka da ƙwaryar kopto, har mai sayarwa ya yi masa gyara da ƙanensa?"

"Ganyen zogale dai, abincin awaki. Ku kun ba shi suna don kada a gane kiwo kuke."

"Kai dai tashi, bawana. Ƙanwata ta haihu, jiya aka yi suna. Na zo wa mutane da dambu, kular abincin na wurin mai gadi. Ɗauko ka kai mini ɗakin malamai."

Halidu ya mai da ido kan burodinsa. "Aiki wani."

"Ina da bawa, in aiki ɗan mutane?"

"Bayana na ciwo."

"Ƙarya kake. Bagobiri ba ya da baya, daga ciki sai baki."

Ya daɗe yana murza ledar ruwan a hannu, sannan ya ce, "Kadi, ke ma ai cikinsu kike. Kin je gangamin."

"Na je mana, har muryata ta dushe. Gobe aka sake kira, ni ce a gaba. Ra'ayin nan naka kuwa, wallahi ko akuyar gidanmu ta fi ka lissafi."

"To me ya kawo ki?"

Ta shigo, ta share ƙurar alli da gefen mayafi, ta zauna a kan tebur.

"Ɗakin ya lalace. Kowa ya buɗe baki sai a ce haka ne, haka ne. Shekaranjiya na zagi Gobirawa tun daga Tibiri har Sabon Birni, babu wanda ya rama. Na ji kamar ina magana cikin rijiya."

"Allah ya ƙara."

"Amin, a kanka."

Ya ajiye ledar ruwan. "Faruk ya tambaye ni?"

Kadi ba ta iya ƙarya ba, ko a cikin wasa. "Bai tambaya ba."

Ya gyaɗa kai. Can waje yara na ta ihu a bayan ƙwallo.

"Amma da wani ya fara cin namanka," ta ci gaba, "na ce masa ya kama bakinsa. Wannan kayan gadona ne. Duk Yamai babu mai ikon zaginsa sai ni."

"Kin ji wahala. Wa ya sa ki?"

"In ka rame, wa zai saye ka? Tashi, dambu na hucewa."

Kular ta yi nauyi, har ya rantse duwatsun Tondibiya ta cika ta da su. Tana gaba tana taku ɗai-ɗai, yana biye, suka ratsa filin lakwal. A bakin ɗakin malamai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ta waiwayo.

"Shiga mana. Ko sai na nemo bulala?"

Ya yi sallama. Hira ta yanke. Aka amsa can ƙasan maƙoshi. Faruk na kusa da taga, bai ɗaga ido daga wayarsa ba.

Kadi ta buɗe kular, ƙamshin zogale da man gyaɗa ya cika ɗakin. Ta ɗebo faranti guda ta danƙa wa Halidu.

"Kowa ya dakata," ta ce da ƙarfi. "A gidanmu bawa ke fara ci, ko an sa guba. In ya faɗi, ba a yi asarar komai ba."

Halidu ya kai loma yana tsaye, duk idanu a kansa. Ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Babu guba," in ji shi. "Rashin iya girki ne kawai."

Wani daga lungu ya tuntsire da dariya, wata ta taya shi. Faruk bai yi ba. Halidu ya ga haka, amma ya sake kai loma.

"Maido mini farantina, tunda ba daɗi," in ji Kadi.

Ya janye shi ya rungume, dariya ta ƙwace masa.

"A'a, ranki ya daɗe. Na yarda, kakanki ya saya. Ƙaro mini yaji."