Ranar da Na Cinye Alabar

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ranar da abokina Fuseini ya kawo mini jaraba har ɗaki a cikin kwali. Wasan allo ne da yayansa ya aiko daga Turai: mutum ɗaya ya zama ƙaton dodo, sauran su zama mutanen gari masu tankoki, ana jefa ƙwaya kamar ludo. Muka raɗa wa unguwannin allon sunayen namu, nan Atonsu, can Alabar.

Ni kuwa malamin Arabiyya ne a Asokore Mampong, mai tafiya kai a ƙasa, kuma a lokacin ina neman auren Memuna. Kowa ya san danginta za su turo bincike, ba a dai faɗin rana. Wata guda ina lallaɓa rayuwata, ko dariya sai na rufe baki.

Sai ga Fuseini da ɗayan abokinmu Awudu sun ce ni ne dodo (wai na fi su faɗin ƙirji). Awudu, wanda Allah bai ba shi aikin yi ba sai tsokana, ya ƙara doka: dodon da bai yi gurnani ba, jifarsa ba ta ci ba.

“Cale, abokina, wannan ai kukan akuya ne,” in ji shi. “Ba mu yarda ba koraa, ko kaɗan. Sake!”

Haushi ya kama ni. Sau biyu suna soke mini jifa mai kyau! Na miƙe na hau kujera, na kifa kwandon wanki a kai, na buɗe maƙogwaron da nake jan yara karatu da shi.

“Na rushe Atonsu! Yanzu sai Alabar! Tsofaffin zan fara cinyewa, har da carbinsu!”

Sai na ga Fuseini yana tura allon ƙarƙashin gado da ƙafa. Na juya, sai ga Alhaji Hamani, kawun Memuna, babban ɗan kasuwa a Alabar ɗin, tsaye a ƙofa da wani dattijo. Ashe sau uku suna sallama. Mai gidan da nake haya, wata tsohuwa Ba'asantiya, ita ta rako su tana yabona: “Malam mutumin kirki ne paa, sosai-sosai, ko motsinsa ba a ji.”

Na sauko na durƙusa. Kwandon ma na manta ban cire ba.

“Kawu, barka da yamma.”

“Yawwa. Ka ƙoshi, ko da sauran wata unguwa?”

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Cikin abokan nawa kuwa, ba wanda ya ce shi ya kafa dokar.

Rahoton da ya kai gida gajere ne: yaron yana salla, yana da sana'a, amma a tambaya ko ana taɓin aljanu a danginsu. Sai da mahaifina ya taka har Alabar ya yi bayani, ya dawo ya yi mako bai amsa gaisuwata ba.

An ɗaura auren, alhamdu lillahi. Amma har yau in na je gaishe da surukai, sai uwar Memuna ta zubo mini waake, shinkafa da wake, kwano biyu, ta ce gara in ƙoshi tun daga nan.

Shawarata kyauta ce: in kana neman aure a Zango, ko a wasa ka zaɓi zama mutum.