Tuffar da Ta Sha Ƙanƙara

A shekarun da kuɗin mai suka shigo na sayi firij mai kananzir, na kuma dawo daga Jos da dashen tuffa biyu. Mai sayarwa a tasha ya ce sanyi kawai suke so. Na ce masa sanyi kam a ɗakina yake kwana.

Na dasa su a tsakar gida, na kewaye da zana saboda awaki. Kullum sai in juye ƙanƙarar firij a gindinsu, mu kuwa mu sha ruwan randa. Har daga Mai'aduwa ake zuwa kallo, ina bayani kamar malamin gona.

Da suka yi 'ya'ya na tara abokai. Yayana ya tsinki ɗaya, ya gatsa, ya daɗe yana taunawa.

"Ƙanena," ya ce, "tuffar taka akwai ƙanshin gwaiba."

Maiɗakina daga madafa ta ce, "Tun a ganye na faɗa, Malam, ka ce ban taɓa zuwa Jos ba."

Har yau masu tallar gwaiba in sun biyo layinmu, "Ga tuffar Malam" suke cewa. A duk ƙasar Daura, a nuna mini gwaibar da ta tashi da ƙanƙara in ba tawa ba.