An Kama Waken Pascaline

Jama'a ku taya ni murna, jiya hukuma ta ciyar da ni. Ni Nathanaël, tela mai gyaran kayan gwanjo a bakin kasuwar Dogon Dutsi, wanda tunda aka haife shi bai taɓa shan ko ruwan leda na hukuma ba, jiya aka zaunar da ni ƙarƙashin rumfa aka miƙo min faranti cike da shinkafa da wake, har da mai da yaji. Na ci, na ƙara, na sake ƙarawa har sai da na sassauta tazuge. Matata Pascaline kuwa loma ɗaya ta kai baki ta ajiye cokali. Bari in koma da ku baya ku ji dalili.

Mu a gidanmu ba a taro aka koya mana tsimi ba, a ciki muka tashi. Keken ɗinkina na hannu ne. Rigar da nake zuwa coci da ita wani Bature ne ya fara sa ta, kuma da alama ya fi ni cin abinci. Babur ɗina ya yi iyayen gida da yawa kafin ya zo hannuna, kowa ya bar masa tabo. In kun bincika gidan nan kaf, abin da ya shigo sabo fil 'yarmu Eliane ce kawai.

Amma ku leƙa ɗakin ajiyar Pascaline ku sha kallo. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga kauɗar tumatir, ga gabu, ga daddawa, kowanne a gwangwaninsa. Da kaka take tarawa lokacin da komai ke araha, in bazara ta yi tsanani maƙwabta na kukan kasuwa, mu tukunyarmu ba ta san an yi ba. Sarkin ɗakin nan kuwa wake ne. Tana zuba shi a bido, wato jarkar nan rawaya ta man girki. Ni nake zuwa kasuwar Kore Mairuwa in sayo na hannu, ta wanke su da toka da sabulu, ta shanya, ta cika su da wake har wuya, ta sa leda ta murɗe marfi tam. Muddin iska ba ta shiga ba, ƙwari ba su da ta cewa, wake zai kai wata kakar lafiya lau.

Akwai bido guda da ba a ci. Ita ce ta iri. Wani ɗan ƙaramin wake ne mai ɗigo-ɗigo da marigayiya Iya, mahaifiyar Pascaline, ta bar mata. Yana nuna da wuri, ko damina ta yanke yana ba da abin sa wa a baki. A da duk danginsu a Matankari shi suke shukawa, amma da aka zo ana rabon wani sabon iri a buhu mai hoto, kowa ya watsar da na Iya, ya rage Pascaline kaɗai. Don kar a yi kuskure take ɗaura wa bidon irin shuɗin ƙyalle a hannu, ragowar ankon zumuntar mata.

Bana gonarmu ta Matankari ta yi kyau. A can aka sussuke waken, a can ta ɗura shi ta rufe, ta riga ni dawowa gida. Aikina kawai in kawo kaya. Babur kuwa yana kwance, don na gaji da kai shi layin mai muna yini tare a rana mu dawo ina tura shi. Sai na roƙi maƙwabcina Gado ya taimake ni da amalankensa da jakinsa. Kafin mu tafi Pascaline ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baban Eliane, ka ji ni da kyau. Ko wa yac ce ka buɗe, kak ka buɗe. In iska ta shiga, ƙwari sun samu gida. Mai shuɗin ƙyallen nan kuwa, ko jakin za ka bari bisa hanya, ita dai ka kawo mani ita."

Gado ya ce, "Madam, jakin dai nawa na."

To, abin da ban sani ba, ashe a kwanakin nan an yi mana sabon alheri. An kafa wani Kwamitin Tsimi da Hana Ɓarna, aka ɗora masa shugaba, wanda ni don girmamawa nake kira Mai Girma Uban Tsimi. Bawan Allah nan bai yi wasa da aiki ba. Da hawansa ya sayo sabbin motoci don a riƙa bin ɓarna a guje, ya sa aka sake fentin ofis, aka canja kujeru, domin ba a yaƙi da almubazzaranci a kan tsohuwar kujera. Sannan ya zauna ya yi nazari mai zurfi kan abin da ya sa babu man fetur a gari, ya gano mai laifi. Ashe bido ce, wai a cikinta ake fasa-ƙwaurin mai. Nan take aka hana yawo da bido a kan hanya.

Muna dab da shiga gari muka tarar da igiya a gicciye da wasu samari masu riga mai walƙiya. Babbansu, wanda suke kira shef, na san shi, don wandon da ke jikinsa ma ni na rage masa tsawo. Ya zagaya amalanken yana ƙwanƙwasa bidunan da sanda.

"Mi ke ciki?"

Na ce, "Wake, shef."

"Buɗe mu gani."

A nan ne bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai ba a buɗewa, shef. Madam ta hana."

Samarin suka dubi juna. Gado ya dafe kai. Da na ga abin zai lalace sai na ce to na yarda a buɗe guda, in ya so in na je gida in san abin da zan faɗa. Shef ya ce ai lokacin buɗewa ya wuce, tunda na yi gardama da hukuma. Na ce to a girgiza a ji, mai dai ba ya ƙarar tsakuwa. Ya ce masu fasa-ƙwauri na yanzu sun yi wayo. Na ce a sansana. Ya ce shi hancinsa ba ya cikin kayan aiki.

"Tsoho, umurni bai ce mai ba, bai ce wake ba. Bido anka ce. Wagga bido ta ko ba bido ba ta?"

Muna cikin haka wata babbar mota ta taho an lulluɓe bayanta da tamfol, warin fetur na binta har sai da jakin Gado ya yi atishawa. Samarin suka sauke igiya da sauri suka ƙame suka sara mata. Ni dai na yaba da tarbiyyarsu. Ai a durom take ɗauke da nata, kuma ba a ce durom ba.

Haka suka sauke bidunan kaf suka riƙe, muka shiga gida da amalanke fayau. Pascaline ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "Har mai ƙyallen?" Na ce har ita. Sai ta shiga ɗakin ajiya ta zauna a kan turmi tana kallon gurbin da ta share. Da faɗa ta yi da na fi samun sauƙi. Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin kunyarta irin ta ranar ba.

Daga nan na zama ɗan gida a ofishin Kwamiti. Ofis ne mai albarka, fanka na juyawa, na'urar sanyi na huci, taga a buɗe, fitilu a kunne da rana tsaka, kowa na tsimin ƙarfinsa. Zuwan farko aka ce Mai Girma yana misyo, wato tafiyar aiki, ya tafi wani babban otal koyo yadda talaka zai rage kashe kuɗi. Zuwa na gaba aka ce ana bincike a kan kayan, ba a sakin shaida sai an gama. Na ce su riƙe sauran har su gaji, mai shuɗin ƙyallen kawai nake roƙo. Madam sakatare ta ce hukuma ba ta nuna bambanci tsakanin bido da bido. Ina fitowa ranar na ji ƙanshin ƙosai yana tasowa daga bayan ofis. Wani zuwan kuma na tarar da maigadi yana lasar yatsa a kan alala.

Da na ba Gado labari sai ya ce, "Malam Nata, bincike ya yi nisa ke nan. Sun hwara da ƙosai, sun kai ga alala. In sun kai ga ɗanwake sai a hiddo sakamako."

Sai ga sanarwa a rediyo, wai za a yi Babbar Ranar Tsimi da Tanadi, ana gayyatar kowa da kowa, musamman iyaye mata. Pascaline ta ɗaura kallabinta ta ce mu je. Na ce me za mu koyo a can? Ta ce ita ba koyo za ta je ba, so take ta ga fuskar mutumin.

Filin ya cika. Rumfuna na haya, kujeru na haya, makaɗa na haya, har wasu masu tafi ina zargin na haya ne. Motoci suka jeru kowace da mutum guda a ciki, aka bar su a kunne don kar su huce. Mai Girma Uban Tsimi ya sauko cikin shadda mai tsayuwa da kanta, agogo na ƙyalli, ya hau mumbari ya fara yi mana nasiha. Ya ce matsalar ƙasar nan talaka bai iya tattali ba. Ya ce mu daina son sabon abu, kayan gwanjo ba abin kunya ba ne. Na dubi rigar Baturena na ji ta ƙara daraja. Ya ce mu rage yawo a kan babura. Wannan kam na riga shi. Sannan ya ce zai nuna wa iyaye mata wata dabara da Kwamiti ya gano bayan dogon nazari, ya yi alama da hannu, aka miƙo masa wani abu daga bayan mumbari.

Bido ce rawaya, da shuɗin ƙyalle a hannunta.

Ya ɗaga ta sama da yatsa biyu, iska na kaɗa ta. Ya ce, "Mace mai hankali, a irin wannan take ajiye wakenta. Ta cika, ta rufe tam, kada ta yarda kowa ya buɗe." Aka ɗauki tafi. Pascaline ta kama hannuna ta matse har sai da na ji ƙashi. Duk wanda ya san bido ya san cikakkiya ba ta ɗaguwa da yatsa biyu.

Da ya gama sai ya ce Kwamiti ba ya wa'azin abin da ba ya aikatawa. Abincin da za a ci yau, in ji shi, waken da ke ciki ko dala ba a taɓa daga baitulmali ba wajen sayensa. Aka sake tafi, har da guɗa. Ni ma na tafa, domin tunda nake jin jawabin manya ban taɓa jin gaskiya tsantsa irin wannan ba.

Aka kawo faranti. Na duba, ga farin wakenmu na ci, ga kuma ƙananan nan masu ɗigo-ɗigo sun dahu luguf a tsakanin shinkafa. Pascaline ta kai loma guda, ta tauna a hankali, ta ajiye cokali. Ta ce, "Na Iya na." Sai ta tashi.

Ni kuwa na yi abin da ya rage wa mai dukiya, na zauna na ƙwato iya abin da cikina zai ɗauka. Gado ma ya taya ni, ya ce shi ladan jakinsa yake karɓa. Da na ga ta daɗe sai na bi ta bayan rumfa inda aka yi girki. Can na same ta durƙushe a cikin rairayi, wurin da masu girki suka tsince waken suka sheƙe. Tana tona ƙasa da yatsa tana ɗaukar ɗanyun ƙwayoyin da suka zube, ɗaya bayan ɗaya, tana ware masu ɗigo. Ruƙayya matar Gado, wadda aka ɗauko aikin wanke-wanke, ta bar kwanoninta ta durƙusa kusa da ita.

Ruƙayya ta ce, "Wallahi Maman Eliane, sai da anka zuba ruwa nag ga ɗigon. Da na sani da wuri da na ɓoye maki ko tiya guda."

Pascaline ta ce, "Ba komi. Duba nan gindin murhu, akwai wasu."

Na tsaya a kansu da cikina a cike, ban san inda zan sa idona ba. Daga baya na naɗe rigar Bature na durƙusa ni ma. A can gaba makaɗa na wasa Mai Girma, mu uku muna nan muna rarrafe a ƙasa. Abin da muka samu bai cika tafin hannu ba. Ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Na je neman bidunan, ko ba komai a dawo min da fanko. Aka ce sun zama kayan koyarwa na Kwamiti, za a zagaya da su Tibiri da ƙauyuka a wayar wa mata da kai. Saboda haka matan Tibiri, in kun ga mai shuɗin ƙyalle ku gaishe ta, ta gidanmu ce.

Bana dai za mu sayi wake a kasuwa da tsadar bazara, kamar waɗanda ba su taɓa jin nasihar Mai Girma ba. Irin Iya kuwa, Pascaline ta shanya shi, ta zuba a wata 'yar kwalbar magani, ta sa leda ta murɗe marfi tam. Ta ce in damina ta sauka a bayan ɗaki za ta shuka shi inda idonta ke kai, in Ubangiji ya yarda nan da 'yan shekaru ya sake cika bido. Na tambaye ta inda ta ajiye kwalbar, ta ce ba ta faɗa wa mutumin da aka ce kada ya buɗe ya je ya ba da duka.

Ban ga laifinta ba. Ku dai in kuna da ɗan'uwa a Kwamiti, don Allah kada ku karanta masa wannan shafi. Har yanzu ba a kafa doka a kan kwalba ba, kuma ba na so a ce daga bakina aka samo shawarar.