Rasuwar Manhajar da Injiniya Ya Yi Wata Tara Yana Rainonta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska kuma mai cike da kunya, Injiniyan hawa na biyu yake sanar da abokan aiki rasuwar 'yar manhajarsa, wadda ya rubuta da hannunsa ya raɗa mata suna Leƙe. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, a gaban mutum shida.

Marigayiya ba ta da ado. A baƙin allo take zaune, sai an rubuta mata umarni take motsi. Aikinta buɗe manyan fayilolin rubutu na ofis, masu layi miliyan tamanin, waɗanda ke sumar da kowace kwamfuta. Mai natsuwa ce ƙwarai: in aka tambaye ta layi ɗaya, sai ta karanta fayil tun daga farko, har mutum ya sha shayi ya wanke kofi. Ba za a manta da muryarta ba, fuuuu na fankar kwamfuta, sai ƙit in ta gama, ko in ta gaji.

Albarkacinta Injiniya ya zama mutum. Shi kaɗai ya san lagonta, don haka har Manaja kan tsaya bakin teburinsa yana jira, hannu a baya. Injiniya kuwa ya iya jan rai, wallahi.

Ciwon ajali ya zo ta hannun sabuwar ma'aikaciya, baiwar Allah mai ladabi. Ta ga mutane sun yi cirko-cirko, ta nemi izini, ta buga haruffa huɗu, fayil ya buɗe nan take. Ashe umarnin yana cikin kwamfutar tun daga kamfani, kyauta, ya ma girmi Injiniya. Ta ba shi haƙuri sau biyu, abin da ya fi komai yi masa ciwo ke nan.

Marigayiya ta bar layi dubu huɗu na rubutu, da kurakurai goma sha ɗaya da aka yi alkawarin gyarawa, da takardar bayani da ba a taɓa farawa ba. Ta kuma bar mai ɗakin Injiniya, wadda ta yi wata tara tana jin labarinta a kan abinci, yanzu kuwa ta karɓi rashin da juriya mai ban mamaki.

Za a goge ta ranar Litinin da ƙarfe goma, da umarni guda. Ba a buƙatar masu ɗauka. Ana roƙon sabuwar ma'aikaciya kada ta nuna hanya mafi sauri.

Injiniya zai zauna karɓar gaisuwa a teburinsa har a tashi aiki. Wanda ba shi da abin faɗa ma ya zo ya ɗan tsaya, don tun Laraba ba wanda ya tsaya.