Yadda Jatau Ya Zama Sarkin Hawa

A wani gari da ake kira Ganin-Ido akwai dutse ɗaya, famfo goma sha huɗu, da gwanayen hawan dutse da keke mutum talatin. Sunan dutsen Sai-An-Shirya. Daga wani marmaro da ke ƙololuwarsa aka janyo bututun da ke shayar da famfunan garin. Gwanayen kuwa, babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin marmaron.

Mai ganinsa kullum shi ne Jatau, ma'aikacin ruwa. Kowace safiya ganye da yashi sukan toshe bakin bututun, sai an sa hannu an yashe. Shekara ashirin da biyu Jatau yana hawa yana yashewa, a kan wani baƙin keke da ya gada wurin kawunsa. Keken ba shi da giya. Birkin gaba ya daɗe da mutuwa, na baya kuma sai da taimakon diddigen silifa. Inda hanya ta miƙe tsaye Jatau ya sauka ya tura, inda ta kwanta ya hau. Mutanen gari ba su riƙe sunansa ba. Sun dai san in an murɗa famfo ruwa na zuwa.

Wasan hawan dutse ya shigo garin ne shekarar da Mai Gari, Alhaji Barmo, ya dawo daga ƙasar waje da keke a cikin kwali. Giyarsa ashirin da bakwai, tayoyinsa masu haƙora, ga sifirin mai shanye gargada gaba da baya, ga rashin nauyi har ana ɗaga shi da yatsa biyu. Kafin damina ta zagayo, duk mai son Mai Gari ya ci gaba da amsa gaisuwarsa ya sayi irinsa. Aka kafa Majalisar Gwanayen Hawa. Aka naɗa Alhaji Cindo, dillalin kekunan, Sarkin Sheƙi.

Duk Asabar motoci kan kawo kekunan zuwa gindin dutse, a sauke su a kan darduma don kada taya ta taɓa ƙasa. Sarkin Sheƙi ya bi su ɗaya bayan ɗaya da farin ƙyalle. Wanda ƙyalle ya fito fari fat daga kekensa, shi ke zama kusa da Mai Gari a inuwar rumfa. Wanda aka samu da ƙura, a mayar da kujerarsa baya. Wanda aka samu da kwarzane kuwa, a tuɓe shi. Ƙa'idar ba ta hana kowa hawa dutse ba. Ba a dai samu wanda ya gwada ba.

Bayan duba sai hirar hanya. Suna da taswirar dutsen, sun raɗa wa kowace kwana suna. An taɓa shafe wata biyu ana gardamar ko a Kwanar Kura giya ta tara ake sakawa ko ta goma sha ɗaya, har wasu surukai biyu suka daina gaisawa. A Kasuwar Sai-Ka-Saya, layin kayan hawa ya cinye layin masu hatsi: hular kwano mai tagogi, safar hannu marar yatsu, tabarau na rana da na hadari, wando mai katifa. Abin da ya fi tafiya shi ne taɓon dutse, ƙulli-ƙulli a leda, wanda gwani kan shafa a ƙafar wando kafin ya koma gida. Mai sayar da shi daga tayar Jatau yake kankarowa, in Jatau ya shiga masallaci.

Wata Asabar Majalisa ta gayyato baƙo mai ɗaukar hoto daga birni. An jeru, kowa ya dafa kan kekensa ya ɗaure fuska irin ta wanda ya sha wuya. Sai aka ji ƙara daga sama. Jatau ne ya makara, ya gangaro yana jan silifa, da buhun kanya a kariya. Ya ratsa gaban sahun daidai lokacin da baƙon ya danna.

Baƙon ya dubi hoton, ya ce, "Ma sha Allah. Wannan ne malaminku?"

Nan take aka tsayar da Jatau. Sarkin Sheƙi ya zagaya keken sau biyu, bai yarda ya ɓata ƙyallensa ba.

"Kai, giya nawa gare shi?"

"Ranka ya daɗe, ƙafafuna biyu ne dai."

"A rubuta: babu. Nauyinsa fa?"

"Da buhu ko ba buhu?"

"Ina takardar ingancinsa?"

"Kawu Mati bai bar takarda ba. Ya dai ce kada in ara wa kowa."

Mai Gari ya gyara zaman hularsa ta kwano. "Bawan Allah, in ka zo Kwanar Kura, yaya kake shan ta?"

"Ina ce Kwanar Kura, ranka ya daɗe?"

Aka nuna masa a taswira. Jatau ya ƙura ido, ya ce, "Au, nan. Ai ba kwana ba ce, rami ne. Saɓa keken nake yi a kafaɗa in tsallake."

Surukan nan biyu suka dubi juna, karon farko cikin wata biyu bakinsu ya zo ɗaya: mutumin nan bai san dutsen ba.

Dokar da aka yanke a take ta ce kada wanda ya sake hawa Sai-An-Shirya da keke marar takarda, don kiyaye lafiyar jama'a da martabar wasan. Jatau ya ce to, zai riƙa hawa da ƙafa. Aka ƙara layi ɗaya cewa hawa da ƙafa raini ne ga masu keke. Ya ce bututu zai toshe cikin kwana uku. Aka rubuta cewa ya yi wa Majalisa barazana. Kekensa kuma aka rataye shi a ƙofar Majalisa, da allo a ƙasa mai cewa: Misalin Abin Da Ba Keke Ba.

Ya koma gida da buhu a ka. Matarsa Lantana, mai koko, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam, ina ƙafafun naka na ƙarfe?"

"Sun ce ba keke ba ne."

"Shekara ashirin da biyu kana hawan abin da ba keke ba, ba ka faɗa min ba? To da me zan dama koko jibi, da takarda?"

Ranar Talata famfuna suka yi tari, suka yi shiru. Sanarwar Majalisa ta ce ruwa bai ɗauke ba, jinkiri ya yi. Mata suka koma ɗiba a rijiyar Unguwar Nesa, tafiyar rabin yini, bokiti ɗaya kowace mace, don mai rijiyar ya ce shi ma da iyalinsa. Aka kafa Kwamitin Gano Inda Ruwa Ke Fitowa. Ya zauna kwana biyar, ya gano cewa daga famfo yake fitowa, saboda haka laifin famfo ne. Aka sauya kawunan famfo goma sha huɗu da sababbi masu ruwan zinariya. Mai Gari ya murɗa na farko, aka yi tafi. Rahoton ya yaba da laushin murɗawar.

Asabar ta farko an wanke kekuna da ragowar ruwan tankin gidan Mai Gari. Asabar ta biyu tankin ya ƙafe. Sarkin Sheƙi ya goga ƙyalle a keken Mai Gari, ya duba, ya yi saurin ninkewa. Amma an riga an gani. Ƙyallen ya fito ruwan ƙasa.

A ranar aka ayyana cewa gari yana cikin matsalar ruwa.

"Wa zai hau?" in ji Mai Gari.

Gwanaye talatin suka dubi dutsen da ƙauna. Ɗaya ya ce tayarsa ta damina ce. Ɗaya ya ce safar hannunsa ta hawa tana hanya, wadda ke hannunsa ta gangara ce. Wani ya karanto takardar kekensa, inda aka rubuta cewa kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da dutse ya yi. Mai Gari ya ce shi da kansa zai hau. Mutum huɗu suka riƙe keken, biyu suka ɗora shi. Ƙafarsa ba ta kai feda ba. Aka sauke shi, aka rubuta cewa ya buɗe hanya.

Sarkin Sheƙi ne ya samo mafita. Ba za a janye doka ba, domin Majalisa ba ta taɓa kuskure ba. Amma doka ba ta hana Jatau zama gwani ba. A shigar da shi Majalisa, a ba shi keke mai takarda, ya hau bisa ƙa'ida.

Ranar Litinin aka yi naɗin a gindin dutse. Aka sa wa Jatau wando mai katifa, riga mai kama jiki, safar hannu, tabarau, aka kifa masa hular kwano. Aka kira shi Sarkin Hawa. Aka fito da keken daga kwali, ja wur, ko yatsa bai taɓa shi ba. Jatau ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya yi dariya shi kaɗai. Ya matsa birki, taya ta tsaya cak. Ya sake matsawa don ya tabbatar.

Mata sun cika wurin da bokitai. Lantana tana gaba.

"Malam, rana na yi! Ka hau ka yashe mana, ka dawo a yi maka kirarin!"

Jatau ya tura keken zuwa bakin hanya. Sarkin Sheƙi ya biyo shi, yana kaɗa farin ƙyalle a hankali.

"Sarkin Hawa, Allah ya kai ka lafiya. Ka dai san ƙa'ida. Ƙura, kujera baya. Kwarzane, a tuɓe mutum, keke ya koma kwali."

Jatau ya dubi hanyar. Ya san kowane dutse da ke kanta. Ya san ƙayar da ke jira bayan taku arba'in, da tsagar da ba a wuce ta sai ƙarfe ya gogi dutse ta hagu da dama. Ya dubi jan fentin. Ya waiga, ya ga an ajiye masa kujera a sahun gaba, mai hannu, a tsakiyar inuwa, da lemo mai sanyi a gefe. Mai Gari da kansa ya ɗaga masa hannu, ya kuma kira sunansa daidai.

"Bari dai a ɗauki hoton tukuna," in ji Jatau.

Aka ɗauka. Aka sake ɗauka, don ya ƙifta ido. Da aka gama rana ta take, Sarkin Sheƙi ya ce irin wannan rana tana dusar da fenti. Talata aka ga alamar hadari. Laraba Majalisa ta nemi Sarkin Hawa ya raba gardamar Kwanar Kura. Ya ce a ganinsa ta goma ce, tsakanin tara da sha ɗaya. Aka yaba da zurfin iliminsa.

Ranar Juma'a Lantana ta dawo daga Unguwar Nesa bayan la'asar, ƙafafunta sun yi futu-futu, da bokiti ɗaya a ka. Tukunyar koko tana kife a tsakar gida tun mako biyu. Jatau yana zaune a zaure da hular kwano, keken yana kan tabarmar baƙi. Ya miƙe da sauri ya taya ta saukewa, abin da bai saba ba.

"Sannu, Lantana. Sannu da hanya."

Ta ga tsumma a hannunsa.

"Malam, na mene ne wannan?"

"Ba duka ruwan zan ɗiba ba," in ji shi. "Kin san gobe Asabar."

Sanarwar Majalisa ta wannan mako ta ce Ganin-Ido na da gwanayen hawan dutse talatin da ɗaya, adadin da babu garin da ya kai. Ba ta ambaci abin da aka sha a gidan Jatau ran Juma'a ba. Ta dai ce keken Sarkin Hawa ne ya zo na ɗaya, kuma ƙyalle ya fito fari fat.