Rasuwar Mai Jan Murfi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da lofe mai sanyi a aljihu, Mai Gyaran Agogo na ƙarshen layin teloli yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda za su yi murna a ɓoye, rasuwar abokiyar zamansa ta shekara ashirin da shida, tabar lofen nan da aka fi sani da Mai Jan Murfi. An tabbatar da rasuwar ranar Talata da hantsi. Amma gaskiya ɗaya ce: ta daɗe da cikawa, mai ita ne ya ƙi rufe mata ido.

Mafi yawanku ba ku san marigayiya ba, don sigari kuke zuƙa a tsaye kamar waɗanda aka biyo. To ku saurara. An haife ta a wani shago mai ƙofa ɗaya a bayan tashar mota, a hannun wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Haɗi. Ganye uku yake haɗawa: baƙi wanda ya sha hayaƙin itace, rawaya wanda rana ta busar, da na ukun da bai taɓa gaya wa kowa ba. Sai ya danne su da dutse a cikin akwatin katako har kwana arba'in. Ba sikeli, ba takarda, hanci ne kawai da yatsa. Dokarsa ɗaya ce: akwatin nan ba a wanke shi, ba a kuma kwashe shi kaf. Kullum sai ya bar sulusin tsohon haɗi a ƙasa ya zuba sabo a kai. Ya kan ce sabon ganye yaro ne, sai ya kwana cikin manya yake koyon hali. Sau biyu a shekara take fitowa, a gwangwani mai jan murfi wanda ba rubutu a jikinsa, kuma biyu ake ba kowa, ko kai ɗan wane ne.

Marigayiya mai fuska ɗaya ce. Yadda ka same ta a zuƙar farko, haka za ka rabu da ita a ta ƙarshe. Gwangwanin bara da na bana ba ka bambanta su, abin da ba za a iya faɗa a kan mutanen yanzu ba, waɗanda da safe daban, da yamma daban. Ba ta cizon harshe. Ba ta mutuwa a tsakiyar hira ta sa ka ɓarnar ashana. Tana ci a hankali har ta zama farar toka. In an buɗe murfi sai ta ce "fus", a natse. In ta kama wuta sai ka ji "tas, tas" ƙasa-ƙasa, ba ta ƙara ko kalma. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana lallashin agogo su faɗi magana ɗaya ya san darajar irin wannan hali.

Ciwon ajalinta ya faro shekara biyar da suka wuce. Idon Baba ya tafi, babban ɗansa ya karɓi shago. Mutum ne mai son tsabta da sauri. A makonsa na farko ya juye akwatin nan, ya wanke shi da sabulu da ruwan zafi, ya shanya shi a rana yana jiran a yaba masa. Ya sayo injin yanka, ya feshe ganye da wani abu mai ƙamshin alewa, ya manna hoton ubansa a gwangwani. Tun daga ranar, in ka sayi uku sai ka sami hali uku: wannan jiƙe kamar ciyawar damina, wancan busasshe kamar garin katako, na ukun kuwa gara a yi shiru.

A lokacin, gwangwani ɗaya tak na gaskiya ya rage wa Mai Gyaran Agogo. A watan ne kuma likita ya saurari ƙirjinsa ya ɓata fuska. Sai mai shagon agogon ya tsaya gaban maiɗakinsa da yayarsa, ya ɗaga gwangwanin, ya yi alkawarin cewa ranar da Mai Jan Murfi ta ƙare, ranar zai rataye lofe. Kowa a layin ya san shi da wa'azin cika alkawari. Tela ba ya ce masa "gobe" ya kwashe lafiya.

A nan mai shago ya ci amanar bakinsa, kuma ba zai yi wa abin kwalliya ba. Ya ari dokar Baba. Duk Litinin, da taba ta sauka zuwa sulusi, sai ya sayo ta ɗan Baba, ya zuba a kai, ya cakuɗa da yatsa, ya ce wa kansa ai yaro ne ke kwana cikin manya. Gwangwanin da bai kamata ya wuce wata ɗaya ba ya yi shekara biyar bai ga ƙasansa ba. A hankali "fus" ta ɓace. "Tas, tas" ta koma "ƙurr, ƙurr", kamar mai mura. Harshe ya fara zafi. Mai shago ya ɗora laifin a kan lofe, ya ɗora a kan ashana, ya ɗora a kan damina, ya ɗora a kan tsufa.

Maiɗakinsa ce ta fara ganin gawar. Ranar Litinin tana kaɗe rigarsa za ta wanke, sai ta ce masa, Malam, tun shekarar farko na gane, don ban taɓa ganin gwangwani mai idon ruwa kamar rijiya ba. Ta ce shiru ta yi don ta ga iyakar gudun mai wa'azi. Amma abin da ya sa ta magana shi ne warin: wancan hayaƙin ta shekara ashirin tana tsine masa, sai dai aƙalla ta san shi. Wannan kuwa baƙo ne, kuma ba ta san da izinin wa ya shigo mata labule ba.

Mai shago ya yi faɗa, kamar yadda marar gaskiya kan yi. Ya ce a je gaban Baba. Washegari suka tafi, shi da ita da Yaya, wadda ta ce ko a keken guragu ne sai an kai ta. Suka iske Baba a ƙofar gida yana shan hantsi. Ya ɗebi kaɗan daga gwangwanin, ya murza a tafin hannu, ya kai hanci. Ya yi atishawa sau biyu, ya tambaya ko katifa ce ta kama wuta a shagon alewa. Da aka yi masa bayani, sai ya ce yaro ɗaya mai asali ake kai wa dattawa. In ka riƙa tura wa dattijo ɗaya 'yan iska duk mako, ba su za su gyaru ba, shi zai bar musu gidan. Ya ce ko zare ɗaya nasa babu a ciki. Sannan ya nemi ruwan wanke hannu. Yaya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Marigayiya ta rasu ta bar lofe uku, ɗaya mai tsagaggen wuya da aka ɗaure da zare. Ƙusar da ake danna ta da ita. Riguna huɗu masu hujin wuta a ƙirji. Haƙora masu launin ƙasa. Da tari, wanda shi ne babban magaji, kuma likita na ƙoƙarin raba shi da gadon. Akwai wata da ke yawo a shaguna da sunanta da hoton Baba a goshi. Iyali ba su san ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, goma ta agogon shago, ba goma irin taku ba. Abin da ke cikin gwangwani za a zuba shi a ramin tururuwar da ke bayan gida, Allah ya ba su haƙuri. Gwangwanin zai koma hannun maiɗaki ta riƙa zuba maɓallai da allura. Ta ce da sabulu za ta wanke shi, mai shago ya roƙi a yi hakan ba ya nan. Lofe kuwa za a rataye su a ƙusa, kusa da agogunan da masu su ba su dawo ba, kuma ba za a sauke su ba. Wannan karon alkawarin ba shi da ƙofar baya.

Masu zuwa gaisuwa kada su kawo taba, kada kuma wani ya ce "ai na faɗa". Masu agogo a shago su ƙara mako biyu, don rai a kusa yake.

Za a karɓi gaisuwa a zaure. Wanda ya ga mai makoki riƙe da wata tsohuwar hula, kada ya tambaya. Maiɗakinsa ce ta tono ta daga ƙasan akwatinta, hularsa ce ta zamanin Baba, mai ƙamshin tsohon hayaƙin, wadda ba ta taɓa wankewa ba, kuma ta ƙi faɗin dalili. An yarje masa ya shinshina ta sau ɗaya a rana. Ba a yarje masa ya kunna mata ashana ba.